GORON SALLA, NAWA YA KAMATA UBA YA BA ƊANSA?

 Cikin takardun da suka zo mana akwai ta wani malamin makarantar firamare daga Kalgo, wadda na ga ya kamata in amsa ta a fili, don na san ba shi kaɗai abin ya dama ba. Ya ce yana da mata biyu da 'ya'ya 7, albashinsa kuwa an san iyakarsa. Maƙwabcinsa ma'aikaci ne babba, ran Salla ya ba kowane ɗa nasa N5,000 sababbi fil, yaran suka fito ƙofar gida suna lissafi a gaban nasa. Da dare uwargida ta ce masa, "Malam, kai ba ka ji kunya ba?" Shi ne ya ke tambaya, wai shin akwai wani ƙayyadadden abu da ya wajaba uba ya ba ɗansa na barka da Salla, ko kuwa kowa da ƙarfinsa?

To, Malam, ka tambayi wanda shi ma abin ya taɓa ci masa tuwo a ƙwarya. Amsar Shari'a gajeriya ce, ku malamai kun fi ni saninta. Abin da ya wajaba a kan mai gida a ƙarshen azumi shi ne zakkar fid da kai, sa'i ɗaya, watau mudun Nabi 4 na abincin da aka fi ci a gari, a kan kowane rai da ya ke ciyarwa. Gidanka mutum 10 ne har da kai, ka ga mudun Nabi 40 ke nan. Wannan an auna maka shi, ba ka da ta cewa. Amma goron Salla al'ada ce mai kyau, ta faranta ran yara a ranar farin ciki, ba wanda ya yanka mata adadi. Abin da ba a yanka wa adadi ba kuwa shi ne ya fi wuya, gama nan ne idon maƙwabci ya kan shigo ya zama mudu.

Al'adar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Masar da Turkiyya yara su kan bi manya ran Idi a ba su 'yan kuɗi da alewa. Mutanen Sin su kan sa kuɗi cikin jar ambulan su ba yara a bikin sabuwar shekararsu, Kiristocin Ingila da Amurka kuwa su kan saya wa nasu ƙwai na cakulan a bikin Ista. Ko'ina ka je, uba mai ƙaramin ƙarfi yana leƙen kwandon ɗan maƙwabci.

Sa'ad da mu ke yara a Gwandu, kafin a canja kuɗi, in an sauko daga Idi sai mu yi ayari mu bi gidajen dangi, daga na baffa zuwa na gwaggo, har mu dangana da unguwar da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ke. Wannan ya ba ka kwabo, wancan taro, in ka yi babbar sa'a kawu ya zo daga Birnin Kebbi ya danƙa maka sisi. Wanda ya haɗa sule a yini guda, ran nan ba ya barci. Mahaifina ya ce su a zamaninsu anini a ke ba su, wanda sai ka tara 10 ka ke samun kwabo, su zura a zare ta hujin tsakiya su rataya a wuya. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, fam ɗaya ya koma N2, sule ya koma kwabo 10. Aka yi ta tafiya, takardar N100 ta fito a 1999, ta N200 a 2000, ta N500 a 2001, ta N1,000 a 2005. Yau in ka miƙa wa yaro N20 sai ya dube ka ya dubi hannunsa. Sabo da haka duk wanda ya ce maka "ka ba da kaza" ya faɗi adadi, maganarsa ba za ta yi shekara biyu ba ta tsufa. Ma'aunin da ba ya tsufa dole ya fito daga jikin samun mutum.

Ga nawa ma'aunin, ra'ayina ne, ba fatawa ba ce. Goron Sallar dukan yaran gida, a haɗe, kada ya wuce abin da uban ke samu a yini ɗaya. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama N70,000, jihar Kebbi kuwa ta amince da N75,000. Mai N75,000 in ya raba ta kwana 30, yininsa N2,500 ne. In 'ya'yansa 5 ne, kowa N500. Mai N150,000 yininsa N5,000, mai miliyan kuwa ya yi nasa lissafin, mu ba mu hana shi ba. Kai Malam na Kalgo, ɗauki alƙalami ka raba albashinka 30, abin da ya fito ka raba wa yaranka 7, ka ba su fuskarka a sake. Maƙwabcinka in ya ba da N5,000 ga kowane ɗa, wataƙila yininsa ne ya bayar, kai ma ka ba da yininka, ashe ba wanda ya fi wani.

Na san wani zai ce wannan rowa ce, Salla sau biyu ce tak a shekara. Sai in ce ya tuna goro shi ne na ƙarshe a layi. Kafin ka kai gare shi ka riga ka fitar da zakkar kono, ka ɗinka wa yara kayan Salla, shadda ko yadi ga maza, atamfa da ɗankwali ga mata, ga takalma, ga huluna, ga kuɗin kitso da lalle, ga kajin miya, ga tela da ya riƙe ɗinki sai an cika masa. Uban da ya yi wannan duka ya riga ya ba da kyautar Salla, goro ƙarasawa ne kurum. Kuma ku dubi lokacin da Ƙaramar Salla ta faɗo a shekarun nan. A 2024 an yi ta ran 10 ga Afrilu, a 2025 ran 30 ga Maris, watau tsakiyar bazara. Rumbu ya fara sauka ƙasa, damina na tafe, ana bukatar iri da taki da kuɗin huɗa, makarantu kuma za su koma zango na uku. Manomin albasa na wajen Gwandu da Aliero da mai shinkafar rani a fadama, su ne wannan ya fi shafa, don daidai lokacin ne kuɗin kaka ke shigo musu a dunƙule. Mutum ya ga dami a aljihu ya ɗauka samun yini ne, alhali kuwa abin da zai ci har wata shida ne. Shi ma ya raba kuɗin da yawan kwanakin da za su riƙe shi, sa'an nan ya san yininsa.

Bashi kam, ko kusa. Wanda ya ci bashi don ya sayi hatsi an san uzurinsa. Amma ka je wurin mai shago ko ka karɓi adashin matarka don yaro ya nuna wa ɗan maƙwabci sabuwar takarda, kwana 3 an kashe a alewa da bindigar roba, kai kuwa ka yi wata biyu kana canja hanya don kada ka bi ta ƙofar mai bashi, wannan wauta ce, in an yi mini gafara.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wanda Malam bai tambaya ba, amma na hango shi cikin takardarsa tun da ya ambaci mata biyu. Yawan kuɗin bai cika raba gida ba, rabon ne ke raba shi. Ni kaina na taɓa yin kuskuren. Wata Salla na ba ɗan uwargida takardar N1,000 sabuwa guda, na ba ɗan amarya, sa'ansa, tsofaffin N500 biyu, don su ne suka rage mini. Lissafi ɗaya ne, ko ɗan aji biyu ya sani. Kai, kafin la'asar gidana ya koma kasuwa. Ɗaya ɗakin ana cewa an ba nasu tsumma, ɗaya ɗakin ana cewa an ba wancan takarda biyu nasu guda. Sai da na kira yaran na karɓe, na aika aka samo canji iri ɗaya, sa'an nan aka ci tuwon dare. Tun ran nan na gane yaro ba lissafin akawu ya ke yi ba, yana auna matsayinsa ne a zuciyar ubansa, uwarsa kuma tana bayan labule tana auna nata.

Malamai kun san labarin Nu'umanu ɗan Bashiru, yana cikin Buhari da Muslimu. Ubansa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, ya ce a'a, sai aka ƙi yi masa shaida, aka umurce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa, ya koma ya janye kyautar. Malamai sun saɓa a kan ko fifitawa haramun ce ko makaruhi, amma ba wanda ya ce abin yabo ce. Mafi yawansu kuma sun tafi a kan a daidaita mace da namiji a kyauta, ba a bi lissafin gado ba. Na faɗi wannan don na sha ganin an ba ɗa namiji N500 an ba 'yar'uwarsa N200, wai ita samari za su ba ta. Subhanallahi, ka aika 'yarka neman goro wurin samari ke nan da bakinka.

Bambancin shekaru ban ga laifinsa ba, in an faɗe shi a fili gaban kowa. Ɗan shekara 4 ba ya bukatar abin da ɗan 14 ke bukata. Ka ce waɗanda ba su shiga makaranta ba kaza, 'yan firamare kaza, 'yan sakandare kaza, ko daga wane ɗaki suka fito. Ƙarami ba zai ji haushi ba, don ya san baɗi ko baɗin baɗaɗa zai kai. Amma bambancin ɗaki, yaro ya san har abada ba zai canja uwa ba. In kuwa akwai ɗan riƙo a gidan, ko marayan ɗan'uwanka, ko almajirin da ke ɗebo muku ruwa tun farkon azumi, a sa shi cikin lissafi tun kafin a raba, kada a tuna da shi bayan hannu ya ƙare. In mutum 7 ne suka zama 9, yinin nan dai shi za a raba 9.

Ƙananan yara sun fi son takardu da yawa bisa ga guda babba, N50 goma ta fi N500 ɗaya daɗi a hannunsu, wannan kuwa sauƙi ne ga uba. Sai dai ku yi hattara da masu sayar da sababbin takardu a bakin hanya gab da Salla, ka ba da N10,000 a ba ka abin da bai kai ba. Ban da hasarar, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana sayar da takardar naira da liƙa ta a biki, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla N50,000 ko duka biyu. Ka fara ware masu tsabta daga canjin da ke shigo maka tun goman farko na azumi, ka sa cikin littafi su miƙe.

Akwai kuma dalilin da ya sa ko mai hali bai kamata ya cika hannun yaro ba. Ɗan shekara 12 da N10,000 a aljihu ran Salla, me zai yi da ita? Daga Kalgo Birnin Kebbi ba nisa, ran hawan Sarkin Gwandu sai ka ga yara sun yi hayar babur su uku su huɗu a kai, ba babba ko ɗaya tare da su. Kowa ya san abin da kan biyo bayan wannan a ɗakin haɗari na asibiti. Mai dukiya in yana son ya yi wa ɗansa alheri, ya ba shi abin kashewa daidai yaro, sauran ya saya masa tunkiya ko ya biya masa littattafan zango mai zuwa. Kakanninmu mata haka su ke yi, goron Salla ya sayi kaza, kaza ta yi 'ya'ya a sayi akuya, kafin yarinya ta isa aure tana da abin da za ta kira nata.

Iyaye mata kuma, ku gafarce ni, akwai wata kalma taku da kowane ɗan Hausa ya girma da ita, "kawo in ajiye maka." Na tambayi tsofaffi da yawa, ban sami wanda aka mayar wa ba tukuna. Dariya mu ke yi, amma amana ce, kuɗin yaro nasa ne. In za a karɓa a ƙirga gabansa, a sa cikin asusu ya gani, in bukatar gida ta sa aka taɓa a gaya masa rance ne, a kuma biya. Yaron da aka cinye wa goron Salla tun yana ɗan shekara 6, da wane baki za ka hore shi ran da ya riƙe canjin aike?

Malam na Kalgo, game da maganar uwargida, kada ka yi mata faɗa, ita ce ta ga fuskar yaran sa'ad da kai kana zaure. Ka kira ta da amarya tare tun azumi bai raba tsakiya ba, ka shimfiɗa musu lissafin, ga albashi, ga zakka, ga tela, ga taki, ga abin da ya rage, su taya ka yanka wa kowane yaro nasa. In kun gwada a Salla mai zuwa, ka rubuto mana yadda ta kaya. Manoma da 'yan kasuwa da ba su da albashin wata, ina so in ji yadda ku ke auna naku, don in buga a wannan shafi.