Ina Ungulayen Kasuwarmu Suka Tafi?

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya a ƙasar Ƙaura Namoda zai shaida cewa a da ba a fiɗe sa a mahauta sai ungulaye sun yi dafifi a kan itatuwa suna jiran rabonsu. Haka abin yake a Kasuwar Daji, haka a Shinkafi da Zurmi. To, a yau mutum ya je ranar kasuwa ya ɗaga kai ya duba. Zai ga shirwa da hankaki, amma sai ya yi sa'a ƙwarai kafin ya ga ungulu. Ƙannenmu na firamare sun iya cewa "ungulu ba ta jewar banza", alhali kuwa da yawansu ba su taɓa ganin jewar tata ba. Ni a ganina wannan asara ce babba, kuma da hannunmu muka jawo ta.

Wani zai ce, tsuntsu ai ba ya ƙarewa, ya dai yi ƙaura. To, bari mu leƙa wani ɗan tsibiri da ake kira Morishas, can cikin Tekun Indiya gabas da Madagaska. A da akwai wani tsuntsu a can wanda Turawa suka sa wa suna dodo. Ba dodon tatsuniya ba ne, shi wannan bawan Allah ko tashi ba ya iyawa, kuma bai san tsoron mutum ba. Jiragen ruwan mutanen Holan suka sauka tsibirin a 1598. Mutane suka yi ta kama shi da hannu, aladu da ɓeraye da birai da aka shigo da su suka yi ta fasa ƙwansa. Ba a cika shekara ɗari ba ya ƙare ƙaf, har yau babu ko ɗaya a bayan ƙasa. Abin da ya cuce shi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ba shi da wurin gudu.

Mu nan ba mu da teku, amma idan an lura ungulu ma ta zama 'yar tsibiri. Ba ta sheƙa sai a kan dogon itace, irin su rimi da kuka da maɗaci da giginya. An sare waɗannan don itacen girki da gawayi da faɗaɗa gona, sai ɗai-ɗai suka rage a bakin gari. Ga shi kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa wajen kwana 50. Zabuwa idan an ɗebe mata ƙwai gobe ta sake zubawa. Ungulu kuwa idan an kashe uwa guda, an kashe zuri'ar shekaru.

Sare itace ma da sauƙi a kan abin da ya fi cin su, wato farauta don tsibbu. Akwai masu barbaɗa guba a kan mushe, ungulaye su ci su zube gaba ɗaya, a yanke kawunansu da ƙafafunsu a kai kasuwannin 'yan magani, har zuwa kudancin ƙasar nan. Wai kan ungulu yana sa a ga gaibu, ko a ci caca, ko a ci zaɓe. Ina ma laifin a tsaya a yi tunani? Tsuntsuwar da ba ta hango gubar da aka zuba mata ba, ita ce za ta hango wa wani arzikinsa? Wannan shi ne ainihin ungulu da kan zabo. Barnar ta kai har a 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ungulun nan tamu ta kasuwa cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa. Najeriya tana da dokar kare irin waɗannan halittu tun 1985, an kuma ƙara tsananta ta a 2016, sai dai doka a takarda ba ta tsare sheƙa.

Na san akwai mai cewa, ƙazamar tsuntsuwa mai sanƙo, in ta ƙare me aka rasa? An rasa ma'aikacin tsafta wanda ba a biyansa ko kwabo. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin ya yi wari sun gama da shi. A tambayi mutanen Indiya. Bayan 1990 ungulayensu suka yi ta mutuwa saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura da shi, mai suna dikulofenak, wanda yake lalata musu ƙoda idan sun ci mushen. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suka halaka kafin gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayen gida suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Mu da muke zaune a ƙasar kiwo, muna shan ruwan gulbin Gagare da na Bunsuru, bai kamata mu jira irin wannan ta same mu ba.

Akwai kuma mai cewa, ana fama da 'yan bindiga, noma ma ya gagara a wasu ƙauyuka, wa yake ta ungulu? Gaskiya ne, ran mutum shi ne gaba. Amma abin da ake bukata a nan ba ya cin kuɗi, ba ya kuma bukatar shiga daji, domin ita ungulu a cikin gari take tare da mu. Mun ma riga mun iya. Dubi shamuwa. Tana zuwa gab da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, kuma yaro duk ƙiriniyarsa ba ya harbinta, don tun yana ƙarami aka hana shi. Babu ɗan sandan da yake gadinta, al'ada ce kurum.

A tsibirin nan na Morishas akwai wani ɗan shaho da ya rage guda 4 kacal a 1974. Mutane suka tashi tsaye, suka tsare ƙwansa, suka kafa masa akwatunan sheƙa, har ya koma ɗaruruwa. Namu aikin bai kai nasu wuya ba.

Saboda haka ina roƙon sarakunanmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su umurci Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa na kowane gari su hana cinikin kan ungulu, su kuma hana sare manyan itatuwan da ke kusa da mahauta. Malamanmu su taɓo zancen a wa'azi, tun da neman sa'a da kan tsuntsu ba koyarwar addini ba ce. Mu kuma ɗalibai, ƙungiyar manoma matasa ta makaranta ta sayi littafin rubutu guda. Duk ranar kasuwa mutum biyu su je mahauta da hantsi, su ƙirga ungulayen da suka gani, su rubuta tare da kwanan wata. Ran da ba a ga ko ɗaya ba, a rubuta sifiri.