Kebul Mai Tsada Ba Ya Gyara Murya

Masu sayar da kayan sauti a Turai da Amurka sun daɗe suna tallata wata magana. Wai idan mutum yana sauraren rediyo ko waƙa ta intanet a gida, kebul ɗin da ya haɗa na'urar rarraba intanet da kwamfuta yana iya ƙara wa sauti garɗi ko ya rage masa. Daga nan sai su kawo kebul mai bakin zinariya ko mai zaren azurfa, su ɗora masa kuɗin da ya isa sayen kwamfuta. Wannan magana ba ta da tushe. Ɗalibin Hausa kuwa ya kamata ya san dalili, domin kunne shi ne jarinsa, kuma wanda bai san inda sauti yake lalacewa ba zai kai kuɗinsa inda babu ciwo.

Abin da ke bin cikin kebul ɗin intanet ba murya ba ce, lambobi ne. Ana yanka su ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yana tafe da lambar tantancewa. Idan ya iso da kuskure, na'ura ta yar da shi, a sake aiko da wani. Waɗanda suka iso lafiya ana tara su a ma'ajiyar wucin gadi, sannan wani sashe na na'urar ya mayar da su sauti bisa agogon kansa. Saboda haka kebul ba shi da hanyar da zai sa murya ta yi kauri ko ta yi zaƙi. Ko dai lambobin sun iso daidai, ko kuma sauti ya tsinke kowa ya ji.

Lissafin ma a fili yake. Sauti mai ingancin faifan CD yana bukatar kimanin megabit 1.4 a daƙiƙa. Kebul na gama-gari da ake kira Cat5e yana ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa har tsawon mita 100, wato kusan ninki 700 na abin da ake bukata. A 2015 mujallar Ars Technica ta gwada kebul na dala 340 da wani mai arha a birnin Las Vegas, ba tare da masu saurare sun san wanne aka jona ba, kuma ba su iya rarrabewa ba.

Masu kare kebul mai tsada sukan ce su dai kunnensu ya ji bambanci. Ba sai an ƙaryata su ba. Wanda ya biya kuɗi mai yawa yakan saurara da natsuwar da bai yi a da ba, sai ya ji abin da dama yana nan, ya jingina shi ga sabon kaya. Gaskiya ne kebul da ya tsinke ko ya yi tsatsa yana kawo yankewa, kuma wayar da ke tsakanin na'ura da lasifika tana iya kwaso gurnanin lantarki. Maganin na farko shi ne wani kebul mai arha mai lafiya, na biyu kuma ba kebul ɗin intanet ba ne tun asali.

To, a ina murya take lalacewa? A wurin naɗa. Babu misalin da ya fi nuna nauyin wannan kamar Hausar Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo dubban Hausawa, da yawansu maniyyata aikin hajji, suka kafa ƙauyuka suka zauna. Hausarsu ta yi zaman cuɗanya da Larabci fiye da shekara ɗari, kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Kartum ya wallafa littafi a kan wannan a 1999.

Yau masu wannan karin harshe suna cikin halin ni-'yasu. Rikicin Yuli 2022 ya raba Hausawa da yawa da gidajensu a yankin Damazin. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, ya shiga jihar Sinnar a 2024, kuma a Fabrairun 2024 hanyoyin sadarwa suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. Tsohon da ya gaji labarin hijira daga kakansa, idan aka samu jin muryarsa, sau da yawa ta saƙon WhatsApp ne, wanda aka naɗa cikin iska da hayaniya, aka matse shi don ya yi sauƙin aikawa.

Ga ɗalibin harshe wannan asara ce ta gaske. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kunne ne kaɗai ke raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, gari na mutane da gari na tuwo. Mai son sanin ko Bahaushen Jazira yana riƙe da bambancin kafa da ƙafa, ko zama da Larabawa ya fara shafe shi, yana bukatar naɗi mai tsabta. Idan makirufo ya yi nisa da baki, ko ƙarar janareta ta rufe baƙin, shi ke nan. Ko da kebul na zinariya zalla aka saurari wannan naɗi a Kano, abin da ya ɓace a Mai Wurno ba zai dawo ba.

Saboda haka duk wanda yake da kuɗin kashewa kan sauti, ya bi wannan tsari. Ya fara da na'urar naɗar murya da makirufo mai kyau, da batir ko ƙaramin faifan sola don wurin da babu lantarki. Ya naɗa a ɗaki mai shiru, ya ajiye naɗin a tsarin WAV wanda ba a matse shi ba, ya yi kwafi biyu a wurare dabam-dabam. Ya rubuta ranar naɗi da sunan gari, bayan ya nemi yardar mai magana. Sai abin sauraro na kunne mai inganci. Kebul ɗin intanet ya zo a ƙarshe, kuma wanda ake samu a kowace kasuwa ya wadatar.

Dala 340 da ake zubawa kan waya guda ta isa a sayi kayan naɗa muryoyin dattawan ƙauye sukutum. Kebul yana nan a shago gobe da jibi, amma dattawan ba za su jira mu ba.