Littafin da ba a jarrabawa a kansa

'Yan'uwa, mu tambayi ɗan firamare a Gagarawa ko Sule Tankarkar wane littafi ya taɓa karantawa don daɗinsa kawai, ba don malam ya sa shi ba. Galibi shiru za mu ji. Abin da ya sani game da littafi shi ne hadda, jarrabawa da bulala. Yaron da ya san littafi ta wannan fuska kaɗai, ranar da ya bar aji ya rabu da karatu ke nan.

Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 ya kiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 7 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Mukan ɗora laifin a kan gwamnati da malamai, kuma suna da nasu. Amma makaranta baƙaƙe take koyarwa. Sabo da karatu kuwa sai yaro ya samu labarin da ya hana shi tashi.

Irin wannan labari muna da shi, da harshen da yaran ke mafarki da shi. Tun gasar da aka shirya a Zariya a 1933 muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Magana Jari Ce ya biyo baya, inda aku ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Dabarar akun nan muke bukata. A ganinmu, kwafi 5 na waɗannan sun fi kwali guda na tsofaffin littattafan Turanci da ake kawowa kyauta, su ƙare a bakin gara.

Wani zai ce yaron da ke gonar gero da riɗi da damina, ko yarinyar da ke talla ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ina suka ga lokaci? Gaskiya ne, yunwa ba ta jiran labari. Sai dai ba yini muke nema ba. Rabin sa'a ne bayan an tashi makarantar Lahadi, a gindin darbejiya, da tabarma ɗaya.

Zumuntar matasanmu za ta iya. Cikinmu akwai ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, masu shirin zama malamai. Ɗaya ya karanta da ƙarfi, ya canja murya in Malam Zurƙe ya shigo, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi. Kada a yi tambayoyi a ƙarshe, kada a ba da maki. Yaran maƙwabta in iyayensu sun yarda, tabarmar ta ishe su. Wanda ya roƙi aron littafin a ba shi ya kai gida, ko da zai dawo da shi da tabon miya.