Na'urar Auna Nisa da Makomar Namun Daji a Iyakar Jibiya

Masu iya magana kan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbin dā ya yarda da wannan batu, domin sai ya bi sawu, ya karanci iska, ya yi rarrafe cikin sabara har ya kusanci barewa kafin ya ɗana kibiya ko ya saki kunamar adaka. A yau kuwa an ƙera wata 'yar na'ura mai kama da tabaran hangen nesa, wadda ba ta fi tafin hannu ba, da za ta shaida wa mutum nisan abin da yake kallo cikin ƙiftawar ido. Masu tallanta a Turai da Amurka suna kwaɗaita wa mafarauta ita da sunan harbi daga nesa. Ya kamata a tsaya a duba yadda take aiki, da yadda ake zaɓenta, da kuma hannun da ya fi cancantar riƙe ta a wuri irin iyakar Jibiya, inda hanyar Katsina ta bi ta Magama ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi.

Hikimar da ke cikin na'urar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin ilimin halittu, domin jemage ya riga ɗan Adam amfani da ita. Jemage yakan saki wata siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya ji, ta bugi ƙwaro ko bango ta dawo, daga jinkirin dawowarta sai ya gane nisan abin. Masanin Amurka Donald Griffin ne ya tabbatar da haka, ya kuma laƙaba wa abin suna a 1944. Na'urar auna nisa tana yin irin wannan aiki, sai dai da hasken leza a maimakon sauti, wato hasken nan da Theodore Maiman ya fara samarwa a 1960. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Idan bishiya tana nisan mita 300, zuwa da dawowa mita 600 ke nan, kuma hasken zai gama wannan tafiya cikin kashi biyu daga cikin miliyan na daƙiƙa. Agogon da ke cikin na'urar shi ke kama wannan ɗan lokaci ya mayar da shi mitoci.

Daga nan za a fahimci cewa lambar da ake rubutawa a jikin kwali, mita 1,000 ko 2,000, ba ita ce madogara ba. Yawanci ana samun wannan lamba ne a kan abu mai faɗi da ƙyalli, kamar allon hanya ko rufin kwano, cikin iska mai tsabta. Jikin barewa ba ya ƙyalli, launinsa kuma ya yi kusa da na ƙasa, saboda haka hasken da ke dawowa daga gare shi kaɗan ne. Bugu da ƙari, tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan lulluɓe Jibiya da kewayenta, ƙurar kuwa tana warwatsa hasken kafin ya kai, ta sake warwatsa shi a hanyar dawowa. Tsananin hasken rana ma yana rage wa na'urar ƙarfin gani. Mai saye na gari zai gwada ta a kan akuya ko kututture da tsakar rana, kafin ya miƙa kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne bazuwar hasken. Yayin da yake tafiya yana ƙara faɗi, ta yadda a wasu na'urori zai iya kai faɗin mita guda a nisan mita 500. Barewa ba ta kai mita guda a kafaɗa ba. Ashe ke nan hasken zai iya haɗa ta da kalgon da ke gabanta ko gawon da ke bayanta, na'urar ta ba da nisan da ba nata ba. Don haka a nemi mai siririn haske, wadda ke ba da zaɓi tsakanin abin da ya fi kusa da wanda ya fi nisa. Abu na uku, ta kasance tana auna karkata, domin a gefen dutse ko gaɓar rafi nisan da ido ke bi ya fi nisan shimfiɗar ƙasa. Na huɗu, a duba irin batirinta, ko ana samunsa a kasuwar Katsina ko ta Maraɗi, da ko jikinta yana hana ƙura shiga.

To, an zaɓi mai kyau. Me za a yi da ita? A nan ne ya kamata a bambanta sanin nisa da ikon harbi. Harsashin da aka harba zuwa mita 500 yana ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa a hanya. Cikin wannan lokaci dabba tana iya taka ƙafa, iska tana iya juyawa, sai a raunata ta ba a kashe ba, ta shige daji ta mutu a banza, wataƙila da ciki. Amfanin na'urar ga maharbi mai mutunta sana'arsa shi ne ta shaida masa cewa ya yi nisa, ya matsa kusa ko ya haƙura.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko akwai sauran abin harbin. Tsofaffi suna ba da labarin jimina da gwanki da raƙumin dawa a dazuzzukan ƙasar Hausa, amma yaro a yau da wuya ya ga ko gada. Mariri, farin naman dajin nan mai dogayen ƙahoni, an bayyana ƙarewarsa daga daji a 2000, sai da aka dawo da waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje aka sake su a Chadi daga 2016. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya ragu har zuwa 49 kacal a 1996, dukkansu a Nijar. Abin da ya cece shi shi ne kariya da kuma ƙidaya a kai a kai, har adadinsa ya haura 600, aka kuma ɗebi guda 8 a 2018 aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi.

Ƙidaya kuwa aiki ne da ke bukatar auna nisa. Masana sukan ja layi a daji su bi shi, duk dabbar da suka hanga su rubuta nisanta da kusurwarta daga layin. Idan an hangi barewa a mita 200 bisa kusurwar digiri 30, to tana mita 100 daga layin. Daga tarin waɗannan ma'aunai ne ake lissafa yawan dabbobi a kowace murabba'in kilomita. Idan mai ƙidaya ya dogara da ido, yana rubuta mita 80 a inda yake mita 100, to lissafinsa zai ƙara wa dabbobin kashi 25 cikin ɗari da babu su, hukuma kuma ta zaci daji a cike yake. Wannan na'ura dai tana auna tsayin bishiya, abin da masu aikin Babbar Koriyar Ganuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, suke bukata.

Mai karatu zai iya cewa ai dajin Rugu ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, har gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure a 2021, balle a yi zancen ƙidayar barewa. Gaskiya ne, kuma babu malamin da zai tura ɗalibi cikin halaka. Amma akwai inda za a fara: tsuntsayen ruwa na madatsar Jibiya da na tabkin Madarunfa, da itatuwan gonaki a ɓangarorin iyakar biyu, gwargwadon abin da jami'an tsaro suka amince. Wajibi ne mai bincike ya riƙe takardar jami'arsa, ya sanar da jami'an iyaka da masu unguwanni, domin na'ura mai kama da kayan soja tana iya jawo zargi.

Dabba ba ta san shingen kwastan ba. Ya dace Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa hannu su yi ƙidaya da ma'auni iri ɗaya. Su kuma jawo sarakunan baka da yaransu cikin aikin, a biya su hakkinsu, domin babu digirin da ke koyar da sanin sawu kamar yadda suka gada. Idan na'urar ta shiga hannun maharbi a matsayin kayan ƙidaya, sana'arsa za ta sami abin da za ta bar wa 'ya'ya. Allah ya sa a gane haka tun akwai sauran abin ƙirgawa.