Haɗarin Shuka Iri Ɗaya, a Gona Ko a Kwamfuta

Manomin shinkafa a fadamun Kogin Kwara, daga Bagudo zuwa Illo da Lolo, ya san cewa wanda ya dogara da iri ɗaya tak ya miƙa wuyansa ga annoba. Ilmin halittu ya tabbatar da haka: cutar da ta afka wa dankalin Ailan a 1845 ta yi ɓarna ƙwarai saboda yawancin gonakin talakawa iri guda ne. Wannan darasi ya shafi kwamfuta ma.

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke sarrafa sauran manhajoji. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke kasuwanninmu, sababbi da 'yan Kwatano, da Windows na kamfanin Microsoft suke zuwa, ba tare da an tambayi mai saye ba. Da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓulla a 2017, ta cikin rauni guda na Windows ta ratsa ƙasashe fiye da 150.

Ƙasashe sun daɗe suna taka wa wannan babakere birki. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu a 1998, Tarayyar Turai kuwa ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 a 2004. A 2014 babbar kotun Italiya ta yanke cewa mai sayen kwamfuta yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗin manhajar da ba ya so. Mu ma abin ya taɓa mu: a 2007 an yi odar kwamfutoci 17,000 masu ɗauke da Mandriva Linux don makarantun Nijeriya, sai ga yunƙurin sauya su da Windows, har aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Wasu za su ce iri ɗaya ya fi sauƙin koyarwa da gyara. Gaskiya ne, amma sauƙin yana da tsada. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar da, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ɗalibin Ka'oje da mahaifinsa ya sayar da buhunan shinkafa don saya masa kwamfuta, yaya zai yi? Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kuma tana aiki sarai a kan irin waɗannan na'urori.

A ganina, ya kamata hukumar FCCPC, wadda dokar gasar kasuwanci ta 2018 ta kafa, ta wajabta wa dillalan sababbin kwamfutoci su raba farashin na'ura da na manhaja. Tun da kaya na ƙetara iyakarmu da Jamhuriyar Benin, hukumar gasa ta ECOWAS da ke Gambiya ita ma tana da rawar takawa. Malamai kuma su nuna wa ɗalibai uwar manhaja fiye da ɗaya, domin wanda bai san akwai zaɓi ba, ba zai nemi haƙƙinsa ba.