Magani Ba A Kaɗa Masa Ƙuri'a

Wasu samarinmu a majalisun shayi na Zongo da Cacavéli sun samu sabuwar waƙa, wai a tattara sa hannun jama'a a nemi ƙuri'ar raba-gardama domin a halatta tabar wiwi a matsayin magani. Madogararsu jihar Kalifoniya ta Amurka, inda masu zaɓe suka yi haka a 1996. Masu ɗan karatu cikinsu har tuna mana suke yi cewa kundin tsarin mulkin Togo na 1992 ya tanadi wannan hanya idan masu zaɓe 500,000 suka nema. Ya tanada kam. Amma shi kansa kundin a zauren majalisa aka sauya shi a 2024 ba wanda ya tambaye mu, balle a tambaye mu kan ganye.

Kar wani ya ce na musanta amfanin da ke cikin tsiron. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka tace daga wiwi, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. A Disambar 2020 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin da ya fi tsauri a yarjejeniyar 1961. Uwar da ɗanta ke faɗuwa sau goma a yini tana da haƙƙin samun wannan magani.

To amma jama'a, yaushe aka taɓa auna magani da yawan hannuwa? Mofin da ake yi wa mai ciwon daji allurarsa a asibiti daga tsiron ofiyom yake, kuma ba akwatin zaɓe ne ya shigar da shi ba. Likitoci ne suka gwada, suka ƙayyade adadi, aka sa shi a kabad aka kulle. Ƙuri'a ba ta san nauyin yaro ba, ba ta san cewa wiwi mai ƙarfi na iya tayar da taɓin hankali ga matashi ba. Kalifoniyar da ake mana misali da ita, shekara ashirin bayan ƙuri'ar magani ta sake kaɗa wata a 2016, ta halatta sha don nishaɗi. Masu zuga mu sun san wannan sarai, can suka dosa.

Ku dubi taramol. Magani ne halastacce, a doka sai da takardar likita. Yau ina yake? Yana faifan mai talla, yana aljihun ɗan zemijan da ke son ya yi aiki daga asuba zuwa tsakar dare, yana cikin kofin shayin ɗan dako. Mun yi jana'izar yara, mun ga waɗanda aka ɗaure da mari a gidajen iyayensu. Ƙasar da ta kasa tsare ƙwayar da sai an shigo da ita ta tashar jirgin ruwa ko ta kan iyaka, ita ce za ta tsare ganyen da ke tsirowa a bayan ɗaki? Wanda bai iya riƙe akuya ba, ba a ba shi ragamar doki.

Idan da gaske marasa lafiya ake tausaya wa, ga Gana nan, tsallaka Aflao kawai. A 2020 majalisarsu ta ba da damar noman wiwi na masana'antu da magani, wanda sinadarinsa mai sa maye bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kotun ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda an cusa shi ba tare da muhawara ba, dole majalisa ta sake zama a 2023 ta gyara. A je wa 'yan majalisarmu da ma'aikatar lafiya da takamaimiyar buƙata: a yi wa tataccen maganin rajista, likitocin asibitin Sylvanus Olympio su rubuta shi ga mai farfaɗiyar da sauran magunguna suka gaza masa, a saye shi a farmasi, sunan kowane majiyyaci yana cikin littafi.