Kalmar 'sanyi' na ɓoye cutar da ke kashe jarirai tun suna ciki

Da wuya a shiga tashar mota ko kasuwar ƙauye ba a ji mai magani da lasifika yana tallan maganin sanyi ba. Ƙaiƙayi sanyi ne, fitar farin ruwa sanyi ne, zafin fitsari da ciwon mara duk sanyi ne, kuma gora ɗaya ce maganinsu. Ga mai juna biyu, wannan kuɗin goro da ake yi wa cututtuka na iya janyo mata asarar abin da ke cikinta.

Cututtuka ne daban-daban aka tara a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai ciwon mafitsara, wanda idan aka bar shi yakan haura zuwa ƙoda har ya tayar da naƙuda kafin lokaci. Akwai wanda jariri ke ɗauka wajen fitowa, idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya, har ya kai ga makanta. Amma wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce tunjere, wadda likitoci ke kira sifilis.

Tunjere ta iya ɓuya. Takan fara da ɗan gyambo a al'aura wanda ba ya zafi, bayan 'yan makonni ya warke da kansa. Idan an sha gorar mai magani a tsakanin nan, shi ke samun yabo. Ƙwayar cutar kuwa tana nan cikin jiki, tana iya shekaru ba alama, kuma tana ratsa mabiyiya ta kama ɗan tayi. Sakamakon shi ne ɓari, ko haihuwar jariri ba rai, ko bakwaini, ko yaron da zai taso da kurumta da matsalar ƙashi da ta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa mutuwar jarirai a ciki.

Matar da ta yi irin wannan rashi sau biyu ko uku, sai a ce wabi take yi, ko a ɗora wa iska, wani lokaci ma a fara kallon kishiya. Ba kowane wabi ne tunjere ba, dalilan suna da yawa. Sai dai abin takaici ne a sayar da akuya a kai wa mai magani, alhali ba a taɓa ɗigar jini daga yatsarta an gwada ba.

Gwajin bai wuce minti 20 ba, kuma akwai kayan gwaji guda da ke duba HIV da tunjere a lokaci ɗaya. Maganin tsohuwar allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki: sau ɗaya idan kamun sabo ne, sau uku mako-mako idan ya daɗe ko ba a san lokacinsa ba. Ba ta cutar da ciki. Da gwaji a wajen awo da wannan allura Kuba ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta daƙile yaɗuwar cututtukan biyu daga uwa zuwa jariri a 2015, Tailan ta biyo baya a 2016.

Inda gizo ke saƙar shi ne maigida. A yi wa mace allura ta koma ɗakin mijin da ba a duba shi ba, cutar za ta dawo mata kafin ta haihu. A gidan mace fiye da ɗaya kuwa, kowa na buƙatar gwaji, har da wadda ba ta da ciki. Mata da yawa na tsoron kai wannan labari gida, don kada a ce su suka kwaso. Gaskiya ita ce sakamakon gwaji ba ya nuna wa ya fara ɗauka, kuma cutar na iya samo asali tun daga auren baya. Wannan bayani aikin ma'aikatan lafiya ne su zaunar da miji su yi masa a keɓe, ba su bar matar ita kaɗai da nauyinsa ba.

Dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024 mataki ne mai kyau, amma gwajin rana ɗaya ne, ciki kuwa na iya zuwa bayan shekara biyar. Ya kamata gwamnatocin jihohi su tabbatar kayan gwaji da allurar suna nan a ƙananan asibitocin unguwa da na karkara, ba a rubuta wa mace takarda a ce ta je birni ba.

Sannan akwai al'adar ɓoye ciki har sai ya fito. Don allurar ta kare jariri yadda ya kamata, ana so a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, kuma an fi son tun watannin farko. Wadda ta fara zuwa awo a wata na takwas, ƙila cutar ta riga ta yi wa ɗan tayin illa.